Atinin da ba ya jin magani: tarihin yadda likitoci suka rarrabe cututtukan hanji



A yankinmu sunayen ciwon ciki ba su da yawa. Akwai zawo, akwai atini, akwai basir da ɗankanoma, sai amai da gudawa da kowa ke tsoro. Duk abin da ya taɓa hanjin mutum, cikin ɗayan waɗannan sunaye muke jefa shi, mu nema mishi magani da sunan da muka ba shi. Amma cututtukan hanji sun fi sunayen nan yawa nesa ba kusa ba, kuma likitoci sun yi sama da shekara 150 suna rarrabe su ɗaya bayan ɗaya. Tarihin wannan rarrabewa za mu bi yau, har mu kai ga wani ciwo da ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba, ba a ɗaukar shi daga wani, kuma ba ya jin maganin atini. Likitoci na ce mishi ciwon Crohn, ana furta sunan Kuron, kuma yana da ɗan'uwa da ke yi wa babban hanji gyambo.

Mu fara da wanda muka fi sani. Dattawanmu ba su manta da shekarar 1971 ba. A watan Agustan 1970 kwalara ta sauka ƙasar Gine, ta bi gaɓar teku, ta bi kogin Kwara ta Mali, ta shigo Nijar da arewacin Nijeriya har ta kai tafkin Cadi. Mutanen wancan zamani ba su taɓa ganin zawon da ke kai ƙato lahira tsakanin safe da maraice ba. A wannan shekara ta 1971 kuma, can iyakar Indiya da Bangaladash, wani likita mai suna Dilip Mahalanabis ya ƙare da ruwan da ake ƙarawa ta jijiya a sansanin 'yan gudun hijira, sai ya koma shayar da marasa lafiya ruwan gishiri da sukari. Mace-mace suka sauko daga kusan 30 cikin 100 zuwa ƙasa da 4. Ƙunshin SRO da ake ba mata a CSI yau, daga irin wannan aiki ya fito. Kwalara ba ta bar mu ba: a 2018 ta tashi daga Madarunfa ta kai jihar Tawa, a 2021 kuma ta kama sama da mutum 5,000 a Nijar, kuma yankinmu na cikin inda ta taɓa. Sai dai yanzu mun san ta. Mun san ruwa da najasa ke yaɗa ta, mun san ba a kwana da ita a gida.

Haka ma taifot. Asibitin Galmi, wanda ƙungiyar SIM ta buɗe a 1950 a hannun likita Burt Long, ya daɗe yana karɓar yara da matasan da zazzaɓin taifot ya huda wa hanji, ana yi musu aiki cikin gaggawa. Wannan ma ciwo ne na 'yan makonni: ko dai a kai mutum da wuri ya tashi, ko a makara.

To shi atini fa? Shi ma an daɗe ana ɗaukar shi abu guda. A 1875 wani likita a birnin San Fitasbag na Rasha, Fedor Lösch, ya duba bayan gidan wani manomi mai zawon jini a madubin likita, ya ga wata 'yar halitta tana motsi a ciki. Ita ce amiba, mai kawo atinin da ke tafiya yana dawowa. A 1897 kuma Kiyoshi Shiga na Japan ya gano wata ƙwayar ta daban, mai kawo atini mai zafi da zazzaɓi. Kafin nan, a 1882, Robert Koch na Jamus ya gano ƙwayar tarin fuka, aka kuma tabbatar ba huhu kaɗai take ci ba, tana iya zama cikin hanji ta hana mutum ƙiba shekara da shekaru. Kun ga ke nan, zawon jini guda ɗaya ya rabu gida uku, kowane da maganinsa.

Maganin amiba da kowa ya sani, wato Flagyl, wani kamfanin Faransa ne ya fito da shi wajen 1960, daga tsakiyar shekarun 1960 aka fara ba da shi don atini. Yadda ya zama abin sayarwa a faranti kuwa, shi ma yana da tarihi. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince da tsarin Bamako, wanda ya sa marar lafiya ya riƙa biyan wani abu na kuɗin magani. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, maganin da ke zuwa daga waje ya yi tashin gwauron zabo. Talaka ya koma wa mai talla a tasha da kasuwa, ga kuma iyaka kusa da mu, kaya na shigowa ta Illelar Nijeriya. Tun daga nan al'adar ta zauna: in ka ga jini ko majina a bayan gida, ka sayi Flagyl na dala ashirin ko talatin, ka haɗa da jiƙon sabara ko na bagaruwa. Sau da yawa kuma a dace, don galibin atininmu na ƙwayar cuta ne. Matsalar tana wurin wanda bai dace ba. Ya sha, ya ɗan ji dama, bayan wata biyu abin ya dawo. Ya sake sha, ya sake dawowa. Shekara ta zagayo, mutum ya rame, aka fara cewa basir ne ya ci ƙarfinsa, ko an yi mishi sammu, ko kuma a riƙa raɗe-raɗin sida a bayan idonsa.

Irin waɗannan marasa lafiya ne suka rikita likitocin Turai tun ƙarni na 19. A 1859 Samuel Wilks, likita a asibitin Guy's na Landan, ya bayyana wani gyambon babban hanji da ya ce ba atinin annoba ba ne, ciwo ne na daban. A 1913 wani likitan fiɗa na Gilasgo a Sikotland, Thomas Kennedy Dalziel, ya rubuta labarin wasu marasa lafiya da ya buɗe cikinsu ya tarar hanji ya yi kauri ya ƙanƙance, kamar na mai tarin fuka, amma babu ƙwayar tarin a ciki. Ya ma kwatanta shi da wani ciwon hanji da ke rame shanu. Yaƙin duniya na ɗaya ya zo a 1914, maganar ta kwanta.

Sai a 1932 likitoci uku na asibitin Mount Sinai a birnin Niyok na Amurka, Burrill Crohn da Leon Ginzburg da Gordon Oppenheimer, suka buga bayanin marasa lafiya 14, galibinsu matasa, da ke fama da ciwon ciki, zawo, zazzaɓi da rama. Dukansu ciwon ya kama wutsiyar ƙaramin hanji, daidai inda yake haɗuwa da babban hanji, a ƙasan ciki ta hannun dama. An jera sunayen marubutan ne bisa tsarin baƙaƙe, na Crohn ya zo farko, shi ya sa sunansa ya bi ciwon har yau. Likitan da ya yi wa mutanen aiki, A. A. Berg, bai yarda a sa sunansa ba, da ya yarda da yanzu ciwon Berg ake cewa.

Me ke faruwa a cikin jikin mai wannan ciwo? Allah Ya yi wa ɗan Adam garkuwar jiki, wasu sojoji cikin jini da ke yaƙar ƙwayoyin cuta. Cikin hanjin kowa kuma akwai ƙwayoyin halitta masu ɗimbin yawa da ke zaune lafiya da mu, suna taya mu narka abinci. A jikin mai ciwon Crohn, sojojin nan ne ke rikicewa, su kama faɗa da abin da bai kamata ba, faɗan ya ƙi ƙarewa, bangon hanji ya kumbura ya yi gyambo. Ciwon Crohn na iya kama ko'ina daga baki har dubura, yana tsallake wani wuri ya kama wani, yana kuma cin bangon hanji har ya ratsa shi. Shi ya sa yake iya ƙuntata hanji abinci ya kasa wucewa, ko ya huda wata hanya ta yoyo zuwa fata, musamman kusa da dubura. Ɗan'uwan nasa, wanda Wilks ya bayyana, a babban hanji kaɗai yake tsayawa, yana farawa daga dubura ya hau sama, kuma shi ya fi zuwa da jini. Dukansu biyu suna lafawa su taso, kuma sun fi farawa tsakanin shekara 15 da 35, wato lokacin da mutum ke lakwal, ko yake shirin aure, ko ya fara riƙe gida. Akwai gado a ciki: a 2001 masana suka gano wani ƙwayar gado da ake kira NOD2 da ke ƙara haɗarin ciwon Crohn. Shan sigari kuma yana ƙara haɗarin kamuwa da shi, yana ƙara tsananinsa ga wanda ya kamu.

Magani ma a hankali ya zo. Da farko wuƙar likita ce kawai: a yanke inda ya lalace a haɗe sauran, sai dai ciwon Crohn yakan dawo a bakin ɗinkin. A farkon shekarun 1940 wata likita 'yar Suwidin, Nanna Svartz, ta haɗa wani magani don ciwon gaɓoɓi, sai ta lura yana kwantar da gyambon babban hanji. Shi ne salfasalazin, har yau ana amfani da shi. A 1955 likitoci biyu a Ingila, Truelove da Witts, suka gwada kotizon a kan masu gyambon babban hanji, suka nuna yana rage mace-mace. A watan Yunin 1956 aka yi wa shugaban Amurka Eisenhower aikin gaggawa saboda ciwon Crohn ya toshe mishi hanji, ya warware, ya sake cin zaɓe a watan Nuwamban shekarar. A ƙarshen shekarun 1960 aka samu na'urar leƙen hanji, wani bututu mai laushi mai fitila a baki da ake zurawa ta dubura, likita ya ga gyambon da idonsa, ya gutsuro ɗan nama a kai bincike. A 1998 kuma Amurka ta amince da infiliksimab, na farko cikin sabbin allurai masu kashe wutar kumburin daga tushe. Suna da tsada ƙwarai, amma sun tayar da mutane da yawa daga kwance.

Duk wannan tarihi a Turai da Amurka ya faru, shi ya sa aka daɗe ana koya wa ɗaliban likita cewa ciwon Turawa ne. Likitocin da suka yi aiki a Yuganda a tsakiyar ƙarni na 20, irin su Hugh Trowell da Denis Burkitt, sun rubuta cewa da wuya su ga irin waɗannan cututtuka na hanji a wurin mutanen karkara, kuma suka danganta hakan da cimar Afirka mai dusa da ganye da wake. Akwai gaskiya a maganarsu. Amma a 1966 aka buga rahoton 'yan Yuganda huɗu masu gyambon babban hanji a wata mujallar likitoci ta Ingila, daga baya asibitin Baragwanath na Soweto a Afirka ta Kudu ya riƙa ba da rahoton baƙaƙen fata mazauna birni masu ciwon. Asibitocin koyarwa na Nijeriya, Senegal da ƙasashen Magrib su ma sun bi baya da nasu rahotanni. A 2017 wani babban nazari a mujallar Lancet ya nuna cewa a Arewacin Amurka da ƙasashe da dama na Turai sama da mutum 3 cikin 1,000 na da ɗayan cututtukan biyu, kuma tun daga 1990 sabbin kamuwa na ƙaruwa a ƙasashen Asiya, Kudancin Amurka da Afirka masu shiga zamani. An ƙiyasta masu ciwon a duniya sun kai miliyan 6.8 a wannan shekara.

Abu biyu ne suka haɗu. Na ɗaya, inda babu na'urar leƙen hanji, ba a ganin ciwon ko da yana nan, sai a rubuta atini ko tarin hanji. Na biyu, rayuwa na sauyawa, kuma masana na zargin sauyin cima, yawan shan magungunan kashe ƙwayoyin cuta tun ƙuruciya, sigari da zaman birni. Mu duba kanmu. Tsarnawa mararraba ce, inda hanyar Tawa ta rabu da babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram. Abin da kakanninmu suka tashi da shi, tuwon hatsi da na dawa, fura da nono, wake da kwaɗon rama da zogale, yanzu yana raba kwano da taliya, farar shinkafa, burodi, lemun kwalba da biskit. Yaro kuma kafin ya kai shekara biyar ya sha kafso ba adadi, da takardar likita da babu.

To yaya mutum zai gane lokaci ya yi da zai daina sayen magani a faranti? Likitoci sun ce duk zawon da ya wuce mako huɗu ya fita daga sahun zawon yau da kullum. Haka in yana tashin mutum cikin dare, ko yana zuwa da jini da majina yana dawowa bayan an sha maganin atini yadda ya kamata. Sai rama ba dalili, ƙarancin jini da kasala, zazzaɓi mai zuwa yana tafiya, ƙurajen baki, ciwon gaɓoɓi, jan ido, ko maruru kusa da dubura da ke fashewa yana ɗiga ya ƙi warkewa. Ga yaro kuwa, a ga sa'o'insa sun wuce shi tsawo, balaga ta yi jinkiri. Waɗannan alamu ba su nufin lallai Crohn ne. Suna iya zama amiba, ko tarin fuka na hanji, ko tsutsar ciki, ko sida, ko ciwon daji ga manya. Abin da suke nufi shi ne a yi bincike.

Binciken daga ƙasa yake farawa: awon bayan gida da na jini a CSI ko asibitin gunduma na Ƙwanni, ko Galmi, ko babban asibitin jiha a Tawa, tare da gwajin tarin fuka da na sida. In an kawar da waɗannan ciwon bai tafi ba, sai a nemi takardar turawa wurin likitan ciki da hanji a manyan asibitocin Yamai, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, wanda ya fi kusa da mu, don a leƙa hanjin. Tafiya ce mai cin kuɗi, babu mai musu. Amma wanda ya lissafa jikkunan da suka tafi wurin mai talla da mai jiƙo da mai duba cikin shekara uku, da buhunan albasar da aka karyar don neman magani, zai ga wace hanya ta fi sauƙi.

Akwai abu uku da ya kamata kowa ya riƙe, don suna kashewa. Na farko, kada wanda ya ji wannan bayani ya je ya sayi kotizon, wato firednisolon ko deksa irin wadda mata ke sha don ƙiba, ya ce zai gwada. Maganin yana danne garkuwar jiki ne. In amiba ce ko tarin fuka ke cikin hanjin, danne garkuwa buɗe musu ƙofa ne, hanji na iya hujewa. Tarin hanji da ciwon Crohn suna kama da juna har a idon ƙwararru, shi ya sa a ƙasashe irin namu likita kan fara kawar da tarin tukuna. Ko ga mai Crohn na gaskiya, kotizon na ɗan lokaci ne, daɗewa a kansa na kawo ciwon sukari, hawan jini da raunin ƙashi. Na biyu, magungunan ciwon jiki irin su diklofenak da ibuprofen, da manoma da 'yan kabu-kabu ke haɗiya bayan gajiyar aiki, suna iya tayar da ciwon. Na uku, marurun dubura mai yoyo ba na aska ba ne. Yanka shi a gida da sunan cire basir na iya lalata naman da ke riƙe bayan gida, mutum ya ƙare da abin da ya fi na farko muni.

Wanda aka tabbatar yana da ciwon, ya sani abokin zama ne kamar hawan jini ko sukari: ba a tumɓuke shi, amma ana kwantar da shi, a yi noma, a yi kasuwa, a yi aure, a haihu. Sharaɗin shi ne riƙe magani ko da an ji sauƙi, da komawa wurin likita a kan lokaci, da barin sigari. Wanda ciwon ya daɗe a babban hanjinsa shekara 8 zuwa 10, ana so a riƙa leƙa hanjin lokaci-lokaci saboda haɗarin daji. Mace mai shan magani ta gaya wa likita kafin ta ɗauki ciki, don akwai irin su metotireksat da ke cutar da ɗan tayi. Batun abinci, babu jerin haramci guda na kowa da kowa. Lokacin da ciwon ya taso, abinci mai laushi kaɗan-kaɗan sau da yawa ya fi, kamar kunu, shinkafa mai ruwa, ƙwai, kifi, a rage tonka da soye-soye, a riƙa shan SRO don mayar da ruwan jiki. Wani nono na damunsa, wani ba ya damunsa. Abin gudu shi ne a hana marar lafiya nama da ƙwai da mai gaba ɗaya da sunan basir, alhali jikinsa na ƙarewa.

Saura namu, 'yan'uwa da maƙwabta. Mai wannan ciwo na iya zagayawa sau goma a yini, kuma in ta matsa ba ta jira. A gidan da babu salga, ku duba halin matar aure ko budurwar da sai duhu ya yi take iya fita. Ku duba ɗan lakwal da malami ke hana fita daga aji, da magidancin da ya daina zuwa majalisa da jam'i don kunya. Ba a ɗaukar ciwon a kwano ɗaya ko a shimfiɗa ɗaya, saboda haka babu dalilin ware mutum, balle sakin mace don ta rame. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin hukuncin mai salisi game da alwala, kuma marar lafiya na da rangwame a azumi, sai a tambaye su maimakon a ƙuntata wa kai. Kowace ranar 19 ga Mayu duniya na tunawa da masu fama da waɗannan cututtuka, mu ma CSI ɗinmu da gidajen rediyonmu na iya ware ranar don faɗakarwa.

Kwalara ta koya muna gudu zuwa asibiti cikin sa'o'i. Shi wannan ciwon lissafin makonni yake so: in zawo ya cika mako huɗu, ko atini ya dawo karo na biyu da na uku bayan an sha magani, a ɗauki mutum a kai shi awo, a kuma gaya wa likita komai ba ɓoye-ɓoye, har da magungunan da aka sha a gida. Wanda ya san wani mai irin wannan hali a gidansu ko unguwarsu, ya karanta mishi wannan rubutu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya sa kaffara ne. Amin.